Kundin Aikin Koyon Queijada ta Sintra

Asabar, 12 ga Oktoba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta abin da na auna, da abin da na gasa, da abin da ya lalace, a ƙoƙarin da na ɗaura aniyar yi na koyon wani ɗan kayan maƙulashe na ƙasar Fotugal da ake kira queijada, wanda furucinsa ya yi kusa da "keijada". Sunan ya samo asali daga queijo, wato cuku a harshensu, domin da ɗanyen cuku ake yin haɗin cikinta. Shekara biyu ke nan da muka tare a Amadora, garin da ke kan layin dogon da ya tashi daga tashar Rossio ta tsakiyar Lisbon ya ƙare a Sintra, kuma a tsawon wannan lokaci babu baƙon da ya zo mana daga gida wanda ban kai shi Sintra ba, babu kuma wanda ya dawo ba tare da ɗaurin queijada a jakarsa ba.

Yau ma can na je, amma ni kaɗai, kuma ba don kallon fada ba. Na wuce fadar sarakuna mai dogayen bututun hayaƙi biyu farare, na haura ɗan siririn titin da ake kira Rua das Padarias, ma'ana layin masu burodi, na shiga Piriquita. Gidan ya fara aiki a 1862 a matsayin gidan burodi na wani mutum mai suna Amaro dos Santos da matarsa Constança Gomes, kuma labarin da gidan yake bayarwa shi ne Sarki Carlos na Ɗaya ne ya laƙaba wa matar sunan Piriquita saboda gajartarta, shi ne kuma ya ƙarfafa musu gwiwar yin queijada domin yana sonta idan ya zo hutun bazara. A yau yawancin masu yawon buɗe ido da ke cika ƙofar gidan suna zuwa ne don travesseiro, wato "matashin kai", wani dogon naɗi mai haɗin almond da ƙwai wanda gidan ya fito da shi a shekarun 1940. Ni dai ƙaramar nake nema.

Ana sayar da ita shida-shida, an jera ɗaya kan ɗaya an naɗe a takarda. Kowace ba ta cika tafin hannu ba, loma biyu ce ta cinye ta. Ɓawonta siriri ne, fari, mai ƙaras-ƙaras, kuma ba shi da zaƙi ko kaɗan. Cikinta kuwa mai laushi ne da ɗan danƙo, samansa ya yi duhun gashi, ƙamshin kirfa yana tashi. Dalilina na son in iya ta da hannuna biyu ne. Na farko, a cikin girke-girken gargajiya na ƙasar nan kitsen alade yana shiga kwaɓin fulawa sau da yawa, kuma na gaji da tsayawa a gaban kanta ina tambaya da guntun Fotugis ɗina alhali layi yana jira a bayana. Na biyu, ina so in ajiye wa baƙin ƙaramar Sallah tire guda wanda ba zan ji kunyarsa ba. Saura wata biyar da 'yan kwanaki, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na koma Sintra, wannan karon na tsaya a gidan Sapa da ke Volta do Duche, hanyar da ke kewayawa daga tashar jirgi zuwa tsohon gari. A jikin takardarsu an rubuta 1756, wato shekara guda bayan girgizar ƙasar da ta rusa Lisbon a ranar 1 ga Nuwamban 1755. Sunan gidan na wata mata ne, Maria Sapa, wadda ta fara sana'ar a Ranholas, wani ƙauye a mashigar Sintra. Da jirgin ƙasa ya iso garin a 1887, mutanen Lisbon suka samu damar zuwa shan iska su koma a yini ɗaya, sai queijada ta zama tsarabar da ake jira a gida, kamar yadda ba a dawowa daga wasu garuruwanmu ba tare da kilishi ba. Ban da waɗannan gidaje biyu akwai Gregório da Casa do Preto, kuma kowane ɗan Sintra yana da nasa gwanin a cikinsu, yana kuma iya yin gardama a kai.

Da na dawo gida na ajiye ta Sapa da ragowar ta Piriquita a kan faranti, na yanka kowace biyu da wuƙa mai kaifi, na zauna ina dubawa kamar mai duba zinare. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gefen ɓawon. Ba a danna kwaɓin cikin gwangwani ba kamar yadda muke yi wa kek. An yanka shi ne a kewaye, aka tsaga bakinsa a wurare kaɗan, aka ɗora kowace tsaga kan 'yar'uwarta aka manne, har ya miƙe ya zama ɗan ƙoƙo mai tsayuwa da kansa. Kaurinsa bai wuce na katin waya ba.

Mutanen garin suna cewa tun a ƙarni na 13 manoman yankin suna biyan wani ɓangare na hayar gona da queijada. Idan haka ne, to wadda suka biya haya da ita ba wannan ba ce da ke gabana, domin a wancan zamani sukari da kirfa kayan fada ne. Abin da manomin yake da shi a yalwace shi ne madara da ƙwai da alkama.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Gwaji na farko. Na bi ma'aunin da ya fi yawo a littattafan girkin ƙasar: ɗanyen cuku giram 400, sukari giram 350, gwaiduwar ƙwai 4, fulawa giram 60, da ƙaramin cokali na kirfa. Kwaɓin ɓawo kuma fulawa giram 250 ne, da gishiri kaɗan, da cokali ɗaya na man shanu, da ruwan ɗumi gwargwadon abin da zai haɗe shi. Cukun na sayo shi a babban kanti, irin wanda suke kira queijo fresco, ƙanana a cikin kofunan roba.

Sakamakon bai yi kama da komai ba. Haɗin ya tsinke tun a kwano, na zuba shi a haka da fatan wuta za ta gyara, sai ya tafasa ya malalo, ɓawon ya jiƙe ya kwanta, tiren ya zama fadama guda mai ƙamshin kirfa. Maigida ya ci da cokali ya ce ɗanɗanon ya yi, amma shi mutum ne da ba ya kushe abin da aka sa masa a gaba, don haka ban rubuta shaidarsa a matsayin hujja ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na auna cukun kafin in sa shi a ƙyallen tata da daddare, na sake auna shi da safe. Daga giram 500 ya koma 385. Ruwan da na zuba wa haɗin makon jiya ke nan ban sani ba. Yau queijada ta tsaya, sai dai akwai gishiri-gishiri a bayan zaƙin, saboda cukun kanti ana sa masa gishiri, ita kuwa wannan sana'a marar gishiri take so. Ɓawon ya yi kauri da tauri, sai an sa haƙori da ƙarfi.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Ƙamshin kirfa ya tona mini asiri a benenmu. Dattijuwar da ke zaune a ƙasanmu, wadda nake kira vizinha, wato maƙwabciya, kamar yadda kowa yake kiran kowa a nan, ta tare ni a matakala ta tambayi abin da nake ƙonawa duk Asabar. Da na gaya mata sai ta yi dariya, ta ce ita 'yar ƙauyukan bayan Sintra ce, cikin mutanen da ake kira saloios, manoman da suka daɗe suna ciyar da Lisbon da burodi da ganye da ɗanyen cuku, kuma tun tana yarinya take ganin ana yin queijada a gidansu ranar biki. Yau ta hauro da kanta, ta sa atamfar aiki a gabanta, ta karɓe mini madafi.

Abu na farko da ta yi shi ne ta taɓa kwaɓina da yatsa ta girgiza kai. "'Yata, wannan yau kika kwaɓa shi," in ji ta. "Kwaɓin yau na gobe ne." Bayaninta shi ne fulawar da aka gama murzawa tana da taurin kai, idan an miƙe ta sai ta koma, shi ya sa nake ƙarewa da ɓawo mai kauri, amma idan aka rufe ta da ƙyalle ta kwana, sai ta saki jiki ta yarda a shimfiɗa ta yadda ake so. Ta kuma ce na cika ruwa. Kwaɓin ɓawo ana son sa da tauri, har hannu ya gaji wurin haɗa shi.

Da yake babu na jiya, da na yau ta nuna mini aikin. Ta murza shi da sandar murji har ina hango zanen teburin ta ƙarƙashinsa, ta kifa kofin shayi ta yanka kewaye, ta ɗauki almakashi ta yi tsaga huɗu a bakin, sannan ta ɗora shi a kan yatsun hannun hagu ta bi tsagogin da babban yatsan dama tana mannewa. Ban ƙirga daƙiƙa goma ba ƙoƙon ya tsaya. Na gwada nawa a gefenta, ya ɗauke ni fiye da minti ɗaya, ya fito a karkace kamar hular da aka zauna a kai. Ta ce kada in zuba komai a ciki sai ɓawon ya sha iska ya bushe, domin busasshen ɓawo ne kaɗai yake iya riƙe haɗi mai ruwa ba tare da ya jiƙe ba.

Na tambaye ta ko manyan gidajen Sintra suna da wani sirri da ba sa faɗa. Ta ɗaga kafaɗa ta ce kowa ya san abin da ke ciki, tunda a jikin takarda ma an rubuta, sannan ta miƙo mini hannayenta biyu ta juya su.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Makonni biyun nan na ba da su ga cuku, domin na yanke shawarar in riƙa yin nawa, in huta da gishirin na kanti, in kuma san abin da aka daskarar da madarar da shi. Abin daskarwar, wanda suke kira coalho, a al'ada daga tumbin ɗan maraƙi ko ɗan akuya ake samo shi, kuma ga wanda yake kula da yadda aka yanka dabba, wannan tambaya ce da ba a tsallakewa.

Kuskuren farko na madara ne. Yawancin madarar da ke kantunan ƙasar nan irin ta kwali ce wadda aka dafa da zafi mai tsanani don ta yi watanni ba ta lalace ba, kuma wannan dahuwa tana hana ta daskarewa yadda ya kamata. Lita biyu na ɓata kafin in gane cewa sai na nemi wadda ake ajiyewa a firij, mai 'yan kwanaki kaɗan. Da na same ta sai na gwada hanya uku. Ruwan lemun tsami ya raba madarar nan take, amma cukun ya fito tsaki-tsaki, da ɗan tsami, kuma ko bayan gashi ana jin tsakin a harshe. Hanya ta biyu ita ce ta fi ba ni sha'awa: busasshen furen wata ƙaya da suke kira cardo, wadda da ita ake yin shahararrun cukun tumaki na Serra da Estrela da na Azeitão. Ana jiƙa furen a ruwa, a daka, a tace, a zuba ruwan a madara mai ɗumi. Ya daskarar da ita sumul, sai dai a madarar saniya yana barin ɗaci, kuma ɗacin ya biyo cukun har cikin queijada, sukari giram 350 bai rufe shi ba. Ta uku ita ce coalho na ruwa wanda ba na dabba ba, da na samu a ƙaramar kwalba. Na ɗumama madarar zuwa digiri 35, na ɗiga, na rufe tukunyar na bar ta kusan awa guda, sai ga ta ta kama kamar kindirmo mai kyau, na yanka ta da wuƙa ruwan ya fito garau. A kan wannan na tsaya. Lita biyu da rabi tana ba ni abin da ya haura giram 400 bayan tata.

Na kira Inna a Katsina na ba ta labarin furen ƙayar, ban kuwa ji ta yi mamaki ba. Ta ce ai matan Fulanin da ke wajen Ilori da ganyen tumfafiya suke daskarar da madara su yi wara, kuma ta tuna mini da busasshen cukun da ake kawowa daga Nijar mai shatin tabarma a jikinsa, wanda muke gutsura muna yara. Da na yi mata kukan ruwa, sai ta ce, "Ke 'yar nan, awara nawa kika ga na yi a gidan nan? Ki ƙulle shi a ƙyalle ki ɗora masa dutse." Dutse dai babu shi a hawa na uku, don haka na cika tukunya da ruwa na ɗora.

Shawarar ta yi aiki har ta wuce gona da iri. Na bar nauyin ya kwana, cukun ya bushe ya yi tauri irin na awarar suya, haɗin ya fito a bushe yana marmashewa. Ashe ana son a rage ruwan ne, ba a ƙarar da shi ba. Yanzu awa uku nake ratayewa ba nauyi, sannan awa ɗaya a ƙarƙashin tukunya, sannan in tura shi ta rariya mai ƙananan ido sau biyu da bayan cokali har ya zama kamar man kaɗanya.

Asabar, 14 ga Disamba

Damina ce a nan, ko da yake sanyi ne. Ruwa yana zuba kwana da kwanaki, gidajen ba su da abin ɗumama ɗaki na kirki, tagogi suna zufa da safe, wanki yana kwana uku a kan igiya. Ɓawon da na jera a tire ranar Alhamis da daddare, da safiyar Juma'a yana nan da laushinsa kamar yanzu na yanka shi. A irin wannan wata a gida, da hunturu ya busar da shi kafin in gama wanke kwano, wataƙila har ya tsage shi. Na yi mamakin yadda sana'ar da ta dogara da bushewa ta kafu a Sintra, garin da hazo yake sauka daga dutse ya lulluɓe shi ko a tsakiyar bazara, sai maƙwabciyata ta tuna mini cewa gidan da tanda take ci kullum ba ya rasa wuri mai ɗumi. Na bi wannan hanya: ina kunna tanda na minti biyar, in kashe, in sa tiren ɓawon a ciki in bar ƙofar a ɗan buɗe har safe. Suna fitowa a bushe, idan an ƙwanƙwasa da farce suna amsawa.

Matsalar kauri kuma injin taliya ne ya warware ta, irin mai hannu da muke murza taliyar Hausa da shi. Na saye shi tun zuwanmu don marmarin taliya da manja da yaji, bai taɓa zuwa raina cewa zai yi aikin Turawa ba, alhali daga wajensu ya zo mana. Ina bi da kwaɓin daga lamba mafi faɗi zuwa ta kusa da ƙarshe. Ta ƙarshen ta yi siriri da yawa, ɓawon yana yagewa wurin manne tsaga. Maƙwabciyata ta kalli injin ta taɓe baki, amma da ta ɗaga shimfiɗar ta duba ta a hasken taga ba ta ce komai ba.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Tun farko sukarin ya tsaya mini a rai. Giram 350 a kan cuku giram 400 kusan kai da kai ke nan, kuma a gidanmu akwai masu fama da ciwon sukari. Na rage shi zuwa 250 na gasa rabi, na gasa sauran rabin da cikakken ma'auni, na ajiye su gefe da gefe. Mai ƙarancin sukarin ta fito fari fat, ba ta yi wannan duhun saman ba, cikinta ya yi kama da dafaffen ƙwai maimakon ya yi danƙo, kuma a rana ta biyu ta fara tsatsafo da ruwa ta jiƙa ɓawonta. Ɗayar kuwa har rana ta biyar tana nan lafiya. Sai na fahimci cewa sukarin ba don baki kaɗai aka zuba shi ba. Shi yake riƙe ruwan cukun, shi yake ba da launi, shi ne kuma ya sa abin da aka yi da ɗanyen cuku ya iya zama tsarabar tafiya tun kafin a san firij. Na sauka a kan 320, wanda shi ne mafi ƙarancin da bai ɓata komai ba a gwajina.

Ina auna sukarin ina tuna cewa kalmarsu açúcar da tamu sukari uwa ɗaya suka sha, wato Larabci, kuma ganuwar da ke kan dutsen Sintra har yau sunanta Ganuwar Larabawan Magrib, domin Musulmi ne suka riƙe wurin kafin ya faɗa hannun Sarki Afonso Henriques a 1147. Yalwar sukarin kuwa daga baya ta zo, lokacin da Fotugal ta dasa rake a tsibirin Madeira a ƙarni na 15, sannan a São Tomé da Brazil, inda bayin da aka kwaso daga gaɓar Afirka suka yi noman. Kirfa kuma ta biyo hanyar tekun da Vasco da Gama ya buɗe zuwa Indiya a 1498, Fotugal ta riƙe cinikinta a tsibirin Silon, Siri Lanka ta yau, har Holan ta kore ta a 1658. Ba na jin daɗin wannan tarihi, kuma ban ga amfanin in yi kamar ban san shi ba alhali ina zuba abin a kwano.

Game da kirfar kanta, na gwada iri biyu da na samu a shagunan unguwar Martim Moniz ta Lisbon. Mai kaurin ɓawo, mai yaji-yaji, ta danne ƙamshin cukun gaba ɗaya. Ta Silon, mai siraran naɗi da ke farfashewa a hannu, ita ce ta zauna daidai, kuma rabin ƙaramin cokali ya isa idan sabon daka ce.

Asabar, 18 ga Janairu

Na sayi ma'aunin zafi na cikin tanda, ya nuna mini cewa wata uku ina gashi a kan ƙarya: idan na murɗa zuwa 220, zafin gaske bai wuce 195 ba. Queijada tana son wuta mai ƙarfi ta ɗan lokaci, domin saman ya yi duhu kafin cikin ya bushe. Yanzu ina kai maɓallin ƙarshensa, in sa tiren ƙarfe mai kauri ya yi zafi tun da wuri, in jera su a kansa kai tsaye. Minti 15 zuwa 17. Suna kumbura a wuta kamar za su fashe, su sauka idan sun huce, su bar ɗan kwari a tsakiya kamar na Sintra.

Na kuma daina ajiye su a roba mai murfi, domin a dare ɗaya take mayar da ɓawon lagwani. Naɗin takardar nan da na ɗauka ado ne, ashe yana barin su su yi numfashi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ranar jarrabawa. Da sassafe na hau jirgi zuwa Sintra na sayo ɗauri ɗaya a Piriquita, ɗaya a Sapa, na dawo na haɗa su da nawa na jiya a faranti uku, na rubuta lamba a ƙarƙashin kowane. Alƙalai biyu ne, maigida da maƙwabciyata.

Maigida ya ci ukun, ya sake ci, ya ce shi bai ga bambanci ba, da na matsa masa kuma ya nuna ta wani gidan ya ce ita ce tawa. Na ji daɗi na ɗan lokaci. Dattijuwar kuwa ba ta kai ko ɗaya baki ba tukuna. Ta ɗauki ɗaya daga kowane faranti ta kifa ta a tafin hannu, ta duba gindin, ta shafa gefen da yatsa, sai ta tura faranti na biyu gabana ta ce, "Wannan taki ce, 'yata." Daidai ne. Ta nuna mini inda tsagogina suka hau juna da yawa har wurin ya ninka kauri, ga kuma ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ga gindin bai zauna daram ba. Na gidajen Sintra kuwa duk shidan kamar a ma'auni ɗaya aka zuba su, alhali ana ganin shatin yatsa a jikinsu.

Bayan haka ta ci. Ta ce cikin ya yi, har ta fi son nawa cukun saboda sabo ne, sai dai in ƙara gwaiduwa ɗaya idan ƙwan ƙanana ne. Na rubuta. Amma na lura cewa a wurin da ɓawon ya ninka, bai gasu sosai ba, yana da ɗan ɗanyen gari a baki, kuma da zarar mutum ya lura da shi ba zai daina jin sa ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ga inda aiki ya tsaya. Cuku ya zauna: madarar firij lita biyu da rabi, digiri 35, rataya awa uku, danni awa ɗaya, rariya sau biyu. Haɗi ya zauna: cuku 400, sukari 320, gwaiduwa 4 ko 5, fulawa 60, kirfa rabin ƙaramin cokali, kuma a gauraya da muciya a hankali ba tare da bugawa ba, domin iskar da bugu yake shigarwa ita ke sa saman ya tsage. Wuta ta zauna. Ɓawo ne bai zauna ba.

Tun bayan jarrabawar na daina yin haɗi gaba ɗaya. Kowane dare bayan sallar isha'i ina murza kwaɓin da ya kwana, in yanka 24, in tsaga, in manne, in jera, da safe in zaɓi waɗanda suka tsaya daidai in ƙirga. Daren farko 5 ne suka tsallake. Jiya 14. Lokacin kowane ɗaya ya sauko daga minti guda zuwa kusan daƙiƙa 25, kuma na gano cewa idan tsagar ba ta wuce faɗin farcen ɗan yatsa ba, ninkin yana raguwa da kansa. Waɗanda suka karkace ba na zubarwa, ina soya su in barbaɗa sukari, yaran maƙwabta suna cinyewa.

Ana sa ran azumi a farkon Maris, don haka gwajin ɗanɗano zai koma bayan buɗa-baki, aikin ɓawo kuma zan mayar da shi bayan sahur, lokacin da gidan yake shiru. Lissafina shi ne tiren Sallah zai ci guda 60, wato ɗauri goma, kuma ina so in kai ga samun 20 masu kyau cikin kowane 24 kafin in sake sayen madara. Takardar naɗi ma ban samo ba tukuna; wadda na gwada ta gashin kek tana da santsi, ba ta riƙe lanƙwasa a baki. Maƙwabciyata ta ce akwai wani tsohon shagon takardu a unguwar Baixa da za ta raka ni ranar Talata idan ruwa ya ɗauke. Kwaɓin gobe yana cikin kwano an rufe shi da ƙyalle.